Kama da Ƙazuwa Ba Ƙazuwa Ba: Ciwon Gado Mai Cin Fata da Tsokar Kare

A Kano, idan gashin kare ya fara zubewa, ba a ɓata lokaci wajen raɗa wa ciwon suna. Ƙazuwa ce. Mai gadi zai faɗa, direba ya tabbatar, kafin la'asar an samo baƙin mai a garejin makanike an lafta wa dabbar, ko an sayo allurar aibamektin a shagon maganin dabbobi an danna mata. Sau da yawa kuma sunan da aka raɗa daidai ne, domin ƙazuwa da makero da cizon ƙuda su ne suka fi addabar fatar karnukanmu. Amma akwai wani ciwo mai suna damatomayosaitis da yake zuwa sanye da rigar ƙazuwa, alhali babu ƙwaro ko ɗaya a cikin lamarinsa. A jini yake, daga uwa da uba ake gadonsa. Abin da ya sa na ga ya cancanci dogon bayani shi ne, irin karen da ya fi kamuwa da shi, shi ne kuma irin da allurar ƙazuwa take iya kashewa.

Bara ne na fara jin sunansa, a gidan maƙwabcina. Ɗansa ya dawo daga Jos da wani kwikwiyo mai siririn dogon baki, gashin wuya kamar gezar zaki, ƙafafu farare tas. Wanda ya sayar masa ya ce uwar 'yar ƙasar waje ce, jinsin koli, wato wani karen kiwon tumaki na Turawa. Da ya kai wata uku sai gashi ya fara ɓacewa a kewayen idanunsa, kamar an zana masa tabarau. Daga nan karan hanci ya yi ja ya yi ɓawo, sai tsinin kunnuwa, sai ƙarshen jela. Abin da ya ɗaure wa kowa kai, ba ya susa. Karen da ƙazuwar gaske ta kama ba ya barci ba ya barin mutanen gida su yi barci, yana ta karta har jini ya fito. Wannan kuwa yana kwance abinsa.

Allah ya taimaka, ranar da aka shirya yi masa allura sai maigidan ya ce a fara kiran likitan dabbobi. Ina tsaye a wurin. Likitan ya tsuguna ya daɗe yana duban fuskar, ya ɗaga ƙafafu ya duba kan gaɓoɓi, ya shafa gefen goshin da babban yatsansa, sannan ya ɗago.

"Alhaji, an yi masa allurar?"

"Tukuna dai, Likita. Ga ta can a mota."

"To a bar ta a motar. Kada kowa ya kusance shi da ita sai na kankari fatar nan na duba."

Sunan ciwon a bakin likitoci damatomayosaitis. Kalmar ta Girkanci ce, an harhaɗa ta daga fata, da tsoka, da kumburi, kuma ma'anarta ke nan: kumburin fata da tsoka. An daɗe da saninsa a jikin mutum, tun ƙarni na 19 likitocin Jamus suka bayyana shi, kuma akwai nau'insa mai kama ƙananan yara. A jikin kare kuwa sai a 1984 wasu masana na Jami'ar Jihar Washington a Amurka, cikinsu har da Ann Hargis, suka yi cikakken bayaninsa a kan karnuka jinsin koli, suka nuna cewa yana bin zuriya. Daga baya aka tabbatar da shi a jikin shelti, ƙaramin karen kiwon tumaki na tsibiran Shetlan da ke arewacin Sikotilan, wanda dama dangin koli ne. An ga irinsa jefi-jefi a wasu jinsunan, ciki har da karen makiyayan Jamus da muke kira alseshan, amma koli da shelti su ne gidan ciwon.

Na san wani zai ce, ina ruwanmu da ciwon karen Turawa? Gaskiya ne ba kowace unguwa za ka ga koli ba. Sai dai duk wanda yake bin shafukan sayar da kwikwiyoyi a Facebook da WhatsApp ya san kasuwar ta canza. Karnukan gadi na gidajen Nassarawa da Bompai da Sabon Gari yanzu yawancinsu jinsin waje ne ko ruwa biyu, daga Jos da Legas ake kawo su, kuma mai saye ba ya sanin kakan abin da ya saya. Gado kuwa ba ya tambayar ko an rubuta sunan jinsi a takarda.

Abin da yake faruwa a cikin jiki ya fi abin da ido yake gani ban sha'awa. Tushen matsalar yana cikin ƙananan hanyoyin jini, waɗanda suka fi silin gashi siranta, masu kai abinci da iska ga fata da tsoka. Garkuwar jikin karen, wadda aikinta yaƙar baƙin ƙwayoyin cuta, sai ta rikice ta riƙa lahanta waɗannan hanyoyi. Jini ya ragu, saiwar gashi ta shiga yunwa, ta ƙanƙance, ta daina fitar da gashi. Wanda ya taɓa ganin fadamar da aka toshe wa magudanar ruwa ya san yadda abin yake: kunyar da take can ƙarshe ita take fara bushewa. Shi ya sa ciwon yake zaɓar wuraren da yake zaɓa. Tsinin kunne da ƙarshen jela su ne ƙarshen layi, jini dama da ƙyar yake isa. Kewayen ido, karan hanci, leɓɓa da kan gaɓoɓin ƙafa kuma wurare ne da fata take kwance kai tsaye a kan ƙashi, babu kitse babu nama, kullum cikin gogayya. Idan saiwar gashi ta mutu gaba ɗaya, wurin ya zama tabo na har abada, fata ta yi sulɓi, wani lokaci ta yi duhu wani lokaci ta koɗe.

Ɓangaren tsoka yakan biyo baya, kuma shi ne wanda mutane ba sa lura da shi. Tsokar da ta fi shan wahala ita ce ta tauna, wadda take gefen goshi da ta muƙamuƙi. Abin da likitan nan yake lalubawa ke nan da ya shafa kan kwikwiyon. Idan ta rame sai kan karen ya faɗa ta gefe biyu, ƙashin tsakiyar kai ya fito, ya yi kama da tsoho alhali bai shekara ba. Sai ka ga yana shan ruwa da ƙyar, harshe ba ya kwasowa, kwanon ruwansa kullum da guntattakin abinci a ciki. Wasu tafiyarsu takan sandare, suna ɗaga ƙafa sama kamar mai taka ƙaya. Mafi muni shi ne idan abin ya kai ga maƙoshi, wato bututun da yake kai abinci ciki. Tsokarsa ta saki, ya buɗe ya zama kamar jaka, abinci ya taru a ciki ya dawo ba tare da yunƙurin amai ba. Idan wani abu daga ciki ya zarce huhu, ciwon huhu ya shiga, kuma wannan ne yake kashe waɗanda ciwon ya yi wa mugun kamu. A jikin shelti ciwon ya fi tsayawa a fata, a jikin koli ne tsoka ta fi taɓuwa.

Yawanci alamun farko suna fitowa kafin kwikwiyo ya cika wata 6, wani lokaci tun yana mako 7 zuwa 11. Ciwon yakan kai iyakar ƙarfinsa wajen shekara guda. Ba kuma tafiya ɗaya yake yi ba. Ya taso, ya lafa, ya sake tasowa. Wani kwikwiyon ɗan tabo kawai zai samu a gefen ido ya warke da kansa, har mai shi ya manta. Wannan lafawa da tasowa ita ce take yaudarar mutane. An shafa baƙin mai, bayan mako uku ciwo ya lafa don kansa, sai a ce ai maganin ya ci. Baƙin mai kuwa babu abin da yake yi sai ƙona fata, kare ya lashe ya shiga cikinsa ya zame masa guba.

Batun gadon shi ne wurin da ya fi sarƙaƙiya, kuma nan ne ya kamata masu kiwo su buɗe kunne. Shekaru da dama an ɗauka ƙwayar gado guda ɗaya ce take jawo shi, mai rinjaye, wadda take bayyana da ƙarfi a wani kare, da sauƙi a wani. Amma lissafin bai riƙa fita ba. Sai a haɗa uwa da uba lafiyayyu su haifi mai ciwo, a haɗa mai ciwo da lafiyayye a samu 'ya'ya sumul. A 2017 ne wata tawaga ta Jami'ar Clemson a Amurka, da Jacquelyn Evans da Leigh Anne Clark a cikinta, ta warware ƙullin. Kare yana da sandunan gado guda 39 bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Masanan suka gano wurare uku ne suke haɗa baki: wata ƙwaya mai suna PAN2 a sanda ta 10, wata mai suna MAP3K7CL a sanda ta 31, da wani rukuni a sanda ta 12 wanda yake koya wa garkuwar jiki bambance nata da na baƙo.

Ga yadda lissafin yake. A kowane ɗaya daga wuraren nan uku, kare zai iya gadon mai lahani daga iyaye biyu, ko daga ɗaya, ko bai gada ba sam. Hali uku ke nan a wuri uku, uku sau uku sau uku, haɗi 27. A cikin 27 ɗin nan, guda 9 ne suke ɗauke da haɗari matsakaici ko babba, kuma su ne suka bayyana kashi 93 cikin ɗari na karnuka masu ciwon da aka bincika. An kuma lura cewa gwargwadon yawan ƙwayoyin lahani da kare ya tara a wurare biyun farko, gwargwadon saurin bayyanar ciwon a jikinsa. Kamar ƙofa ce mai kwaɗo uku. Uba yana yawo da makulli ɗaya ko biyu bai sani ba, lafiyarsa ƙalau, gashinsa yana sheƙi. Uwa ma haka. Sai a jikin ɗa makullan suke haɗuwa.

Wannan yana rusa hujjar da masu sayar da kwikwiyo suka fi kafawa, wato "zo ka ga iyayensa". Ganin iyaye yana da amfani, amma ba ya wanke zuriya. Kuma halin da kiwon karnukan waje yake ciki a wajenmu yana ƙara dagula lamarin. Jinsin da ba shi da yawa a gari, namiji ɗaya ne ake yawo da shi gida-gida don barbara. Bayan shekara biyu 'ya'yansa ne ake haɗawa da juna, ko a mayar da 'ya ga ubanta, ba wanda yake rubuta komai. Babu hanyar da ta fi wannan saurin tara makullai uku a jiki ɗaya. Su kansu masanan Clemson sun yi hasashen cewa ƙwayoyin sun yawaita a jikin koli da shelti ne a sanadin zaɓen da masu kiwo suka riƙa yi don neman wata siffa da suke so. Mutum ya bi kyan gashi da sirantar baki, ciwo ya biyo shi a baya. Karnukan mafarautanmu, da ake rainawa ana ce musu na gida, ba su bi ta wannan ƙunƙuntar hanya ba.

Sai dai gado shi kaɗai ba ya gama magana. Akwai abubuwan da suke tayar da ciwon ko su tsananta shi: rauni da gogayya, lokacin da karya take neman namiji, haihuwa da shayarwa, da kuma hasken rana. A nan ne Kano ta shigo cikin lissafi da ƙarfinta. Tsibiran Shetlan suna wajen digiri 60 ne arewa da tsakiyar duniya, ƙasar hazo da iska da gajeren yini a lokacin sanyi. Kano tana digiri 12. A watan Afrilu zafi yana kaiwa 40, rana tana tsaye a ka. Ka ɗauki dabbar da aka ƙera jikinta don waccan ƙasa, mai fatar da jini ba ya isarta sosai, ka ɗaure ta da sarƙa a tsakar gida mai daɓen siminti ko cikin kejin kwano daga hantsi zuwa la'asar. Da hunturu iska ta busar da fatar ta tsage, da damina ƙudaje su sauka a tsinin kunnen da dama yake da rauni. Ciwon da zai tsaya ɗan tabo a wata ƙasa, a nan yana iya zama gyambo.

Gano shi aikin haƙuri ne, domin sai an kori 'yan kama da shi ɗaya bayan ɗaya. Likita zai kankari fata da aska har ta ɗan yi jini, ya duba a madubin likita ko akwai ƙwaron ƙazuwa. Akwai wani nau'in ƙwaro mai suna dimodes da yake zama a ramin gashi, shi ma yana son fuskar kwikwiyo, shi ma ba ya sa ƙaiƙayi sosai, kuma shi ne ya fi rikita likitoci. Za a gwada gashi don makero, wanda yake da muhimmanci a sani domin yana kama yaran gida. Idan duk babu, sai a yanki ɗan guntun fata a kai ɗakin gwaji, inda ake ganin saiwoyin gashi da suka ƙanƙance da hanyoyin jini da suka lalace. Gwajin jini na lalacewar tsoka sau da yawa yakan fito daidai ko ya ɗan hau kaɗan, don haka ba a dogara da shi. Akwai gwajin ƙwayoyin gadon nan uku, ana yi da yawun kumatu ko jini, a dakunan gwaji na ƙasashen waje. Mu a nan, idan abu ya gagari asibitin unguwa, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ba nisa. Shi wannan ciwo ba ya yaɗuwa, ko zuwa ga wani kare ko zuwa ga mutum. Na ga yadda uwargidan maƙwabcina ta sauke ajiyar zuciya da ta ji haka, don ta riga ta hana jikokinta fita tsakar gida.

Mu koma kan allurar da aka bari a mota. Aibamektin magani ne mai daraja. Shi ake rabawa a ƙauyukanmu don cutar makanta ta bakin kogi, waɗanda suka gano shi ma sun sami kyautar Nobel a 2015, kuma makiyaya sun san aikinsa a jikin shanu da awaki. A jikin yawancin dabbobi akwai wani mai gadi a ƙofar ƙwaƙwalwa wanda yake tura maganin waje kada ya shiga. A 2001 Katrina Mealey, ita ma a Jami'ar Jihar Washington, ta gano cewa a jikin koli da danginsa ƙwayar gadon da take ƙera wannan mai gadi, mai suna MDR1, takan zo da naƙasa. Kusan kashi 70 cikin ɗari na koli suna ɗauke da naƙasar. Idan aka yi wa irin wannan kare allurar da yawan da ake yi don ƙazuwa, magani ya kwarara cikin ƙwaƙwalwa: dalala, buɗewar ƙwayar ido, tangaɗi, makanta, karkarwa, suma, wani lokaci mutuwa. Wannan naƙasa daban take da ƙwayoyin ciwon fatar, babu abin da ya haɗa su sai zama a jinsi ɗaya. Amma duba yadda tarkon ya ɗanu. Ciwon yana kama da ƙazuwa, maganin ƙazuwa yana kan kanta a kowane shago ba a tambayar takardar likita, mai allurar kuma yakan auna da ido daga kwalbar da aka yi don shanu. Garin neman gira a rasa ido. Ko da ƙazuwar ce ta gaske, yanzu akwai sababbin ƙwayoyin taunawa na kaska da ƙuma da suke kashe ta, waɗanda likitoci suka fi natsuwa da su a kan irin waɗannan karnuka.

Magani mai tumɓuke ciwon babu, tunda ba a canza wa dabba gado. Abin da ake yi shi ne lallaɓa shi. Babban abin dogaro wata ƙwaya ce, fentoksifilin, wadda ake ba mutane masu matsalar gudun jini a ƙafa. Tana sa ƙwayoyin jini su yi laushi su ratsa matsattsun hanyoyi, tana kuma rage kumburi. Ana ba da ita tare da abinci, kuma sai an yi wata biyu zuwa uku kafin a ga aikinta, wanda nan ne haƙurin yawancin mutane yake ƙarewa. Ana haɗawa da bitamin E da man kifi. Idan ciwo ya taso da ƙarfi likita yakan ba da firednisolon na ɗan lokaci, amma a nan akwai wani ruɗani: maganin yana kwantar da kumburi, shan sa na dogon lokaci kuma shi kansa yana ramar da tsoka, wato abin da ake gudu. Mu da muka saba sayen irin waɗannan ƙwayoyi a kemis kamar gyaɗa, wannan gargaɗi namu ne. Sauran aikin na gida ne kuma ba ya cin kuɗi: inuwa daga hantsi zuwa la'asar, shimfiɗa mai laushi maimakon siminti, abinci mai ruwa-ruwa a kwano da aka ɗaga sama ga wanda haɗiya take ba wuya, da hana shi kokawa da sauran karnuka.

Inda aka sha gardama a gidan maƙwabcina shi ne da likita ya ce a fiɗiye shi. Ɗan gidan ya riga ya yi lissafin abin da zai samu a barbara, don tun kwikwiyon yana ƙarami mutane suke tambaya. Ya ce ai tabon ya tsaya, gashin wuya ya cika, wa zai sani? Likitan ya ce masa, "Kai ka sani." Ya ƙara da cewa a gaya wa wanda ya sayar, domin iyayen da sauran 'yan cikin su ma abin dubawa ne. An buga waya Jos, mutumin ya ce shi karnukansa ba su da ciwo, zafin Kano ne. Rabin maganarsa gaskiya ce, shi ya sa take da wuyar ƙaryatawa.

An yi fiɗiyar bayan sallar layya. Karen yana nan, ya shekara ɗaya da rabi, tabarau ɗinsa ba su goge ba kuma ba za su goge ba, tsinin kunnen hagu ya ɗan gutsure. An kafa masa rumfar zana a gindin darbejiya, ba a sakinsa sai rana ta yi sanyi. Kwalbar allurar kuwa mai gadi ya roƙa aka ba shi, ya kai ƙauye aka yi wa awaki.